Tabarma Ba Ta da Kai

Mun ce ba ma son kujera.
Ranar da muka fara, a Jega, bayan la'asar,
tabarma uku muka shimfiɗa a tsakar gidan Hajiya Luba,
gwiwa na taɓa gwiwa.
Ba shugaba, ba ma'aji, ba mai tsawatarwa,
mun gaji da masu ce mana "ku jira a waje."
Aka rangaɗa guɗa. Har da ni.

Shekara biyu ke nan.
Har yau babu kujera,
amma inuwar darbejiyar nan gefe guda take faɗuwa,
kuma kowa ta san masu zama ƙarƙashinta.

Gidan na Luba ne, don haka ranar taro
ita ce ranar da Luba take gari.
Malama Saratu ke da Turancin shiga sakatariya,
in ta dawo, abin da ta ce an ce, shi aka ce.
Yalwa ƙawarsu ce tun makarantar kwana.
Su uku sukan kira juna da dare,
mu kuwa mu zo da rana
a zuba mana shawara tana tururi,
mu ɗauka yanzu aka sauke ta,
ashe ɗumame ne.

Ban ce mugaye ne ba.
Su suka tsaya har aka kawo ungozoma mai kwana a asibiti.
Luba ta sayar da 'yan kunnenta
ta biya mana mota zuwa Birnin Kebbi
ranar da muka kai kuka.
Wannan ba ya gogewa.

Amma Tumba fa?
Tumba mai zuwa daga rumfar albasa, ido jawur,
hannunta na warin abin da ta wuni tana zaɓa.
Sau huɗu tana tambaya:
nawa ake ba mace kan buhu, nawa ake ba namiji?
Sau huɗu ana cewa, "Magana ce mai kyau."
Sai Luba ta gyara mayafi,
Yalwa ta duba waya,
maganar ta nutse kamar dutse a gulbi.
Babu wadda ta hana.
Babu wadda za a nuna a ce ita ta hana.
Daga baya na ji ƙanin Luba ne dillalin rumfar.

Da naɗi muka yi, da mun san ƙofar da za mu tsaya.
Da zaɓe ne, da mun ƙirga hannu mun sauke.
To yaya ake tuɓe rawanin da ba a gani?

Ige ta taɓa tambaya: "Wa ya yanke wannan?"
Aka ce, "Mu duka mana. Ba kina zaune ba?"
Aka fara raɗa cewa mulki take nema.
Ba a kore ta ba,
an dai daina aika yaro ya gaya mata rana.

Ni ce mai littafi.
Ba wadda ta ba ni, hannu kawai na miƙa ranar farko.
Jiya na buɗe shi ina neman maganar Tumba.
Shafi sittin da ɗaya.
Akwai kuɗin zoɓo, akwai wadda ta haihu,
akwai aron tabarma daga maƙwabta.
Babu albasa.
Na dubi fuskar Luba ne a lokacin,
alƙalamina ya gane tun ban gane ba.
Ashe ni ma ƙafata ɗaya a inuwar take.

Asabar mai zuwa zan je da wuri.
Zan ce a faɗa da baki: wa ke riƙe da me,
wa ya ba ta, kuma zuwa yaushe.
Zan ce taro ya zagaya gidaje,
ya je har ɗakin Tumba mai yoyo,
a aika wa Ige, ko da ba za ta zo ba.

Haka na shirya shi a raina, ina tankaɗe.
Ban sani ba ko muryar za ta fita.
Luba ce ta biya wa ɗiyata kuɗin makaranta bara,
kuma ba ta taɓa tuna mini ba.