Bargon Farko

Shekara arba'in ina gyaran taru
a bakin tekun Bonavista,
yatsuna sun san ƙulli ko cikin duhu.
Da bayana ya ƙi, likita ya hana,
jirgi ya koma hannun ƙanena,
sai na ce ɗinki ai ƙanen taru ne,
allura ce kawai ta rame, zare ya sirance.

Ranar Talata, ɗakin ƙasa na coci,
mata bakwai, butar shayi, ni na takwas.
Effie Squires ta dube ni ta saman tabarau:
"Ambrose, fara da ƙyallen sauke tukunya."
Na ce a'a, bargon gado nake so,
na jikata Nuala,
kafin dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa.
Ta yi shiru.
Sai daga baya na gane fassarar shirun.

Na kwaso abin da gida ya gaji da shi:
shuɗiyar rigar da na sa ranar da inji ya mutu a teku,
labulen kicin mai hoton lemo,
da jan yadi sabo fil daga kanti.
Ban wanke shi ba. Wa ke wanke sabo?

Ga rula a gabana, na ce ido ya isa.
Idon da ke hango hadari tun yana bayan tsibiri
ya kasa gane rubu'in inci.
Nan na ci gefe da yawa, can na yi rowa,
na ja ƙyalle da ƙarfi kamar igiyar anga
har ya miƙe, ya ƙi komawa.
Da na jera su a ƙasan ɗaki
kusurwoyi suka ƙi gaisawa,
sai ka ce maƙwabtan da suka yi faɗan iyaka.
Tauraron tsakiya mai tsini takwas
ya fito da shida da rabi.

Effie ta miƙo mini ɗan ƙugiyar farke ɗinki.
"Wannan ne abokinka, allura baƙuwa ce."
Mako biyu ina warware aikin mako ɗaya.
Wanda bai ji bari ba, na ji hoho,
na kuma ji shi a babban yatsa.

Audugar ciki ban kafe ta da fil ba,
ta tattara ta koma gefe guda
kamar fasinjojin jirgin da ya karkata.

Daren Asabar, bargo a cinya,
rediyo na karanta yanayin teku,
hannuna ya faɗa, na yi ta soka,
layi mafi miƙewa da na taɓa yi.
Na tashi in ƙara shayi,
bargo ya tashi tare da ni.
Na ɗinke shi da wandona, taƙi uku cur.
Matata Bride ta yi dariya har ta dafa bango,
ta ce, "To, kai za mu kai wa Nuala duka."

Saura wanki.
Jan nan da na raina ya zuba,
ya bi fari lungu-lungu,
lemon labule ya koma kalar ruwan wankin kifi.
Na shanya shi a igiya, iska na kaɗawa,
na tsaya bayan rumfa kar a ce nawa ne.

Nuala ba ta zo da rula ba.
Ta ɗora yatsa kan gurgun tauraro,
ta ce, "Kaka, wannan kaguwa ce?"
Na ce ƙwarai, kaguwa na yi niyya.
Ta ja shi har haɓa.
Audugar da ta gudu gefe
ta faɗa daidai ƙafafunta, inda sanyi ke fara kamu.

Talata na koma coci.
Na ajiye ƙyalle huɗu, wankakku, gogaggu.
Effie ta auna su ɗaya bayan ɗaya,
ta turo mini fil da gwangwanin biskit.
Ƙyallen sauke tukunya nake yi yanzu.
Kusurwa uku sun haɗu.