Buhun Bakanike

Ni ne Tasi'u, rumfata na bayan Ƙofar Marusa,
shekara sha tara hannuna na cikin baƙin mai.
Boko bai zauna mini ba, sai lamba,
amma in ƙarfe ya yi ƙarya, ina gane shi.

Lurwanu ya kawo ta farko, wata Laraba,
sandar birkin baya, ta rabu daidai bakin walda.
Na ce ganganci ne, ka cika lodi,
buhun gero uku kake ɗora wa Barewa?
Bai tanka ba. Gwiwarsa na ɗiga cikin takalmi.

Ta biyu ta Malam Hadi ce, mai koyar da lissafi,
wanda ko kaza takan riga shi ƙetare titi.
Nan ta karye. Daidai nan.
Na sa farce a tsagar, ƙarfen ya marmashe
kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana a aljihu.
Daren nan tuwo ya ƙi wuce mini maƙoshi.

Sai na kakkaɓe wani buhun siminti.
Bakwai kafin azumi, sha tara bayan salla.
Kowace na ɗaura mata ƙyalle,
yarona Sagir ya rubuta sunan mai ita:
ta Bishir mai kai yara Islamiyya,
ta Ɗan'azumi mai ɗauko nono daga Batagarawa,
ta Mamuda.

Mamuda bai kawo tasa ba.
Ƙaninsa ya tsinto ta a hanyar Jibiya
bayan an janye tirelar,
bayan an watsa ƙasa a wurin.

Muka je wa dila. Ya raba mana ruwan leda,
ya ce kowa da ranarsa.
Malam Hadi ya ce, gaskiya ne Alhaji,
sai dai ajali ba ya zuwa da rasit,
wannan kuwa ga nasa, har da hatiminka.

Wata biyu, takarda ta iso daga kamfani:
wai hanyoyinmu ne ramuka.
Ramukan nan sun girmi Barewa.
Tsohon babur ɗin babana ya bi su shekara ashirin,
tsatsa ta cinye tankinsa, birkinsa na nan da ransa.

Ran Litinin muka fito, ba wanda ya tayar da inji.
Turawa muka yi, mu ɗari biyu da 'yan kai,
daga Ƙofar Ƙaura har bakin shagon,
ba ƙara sai ta sarƙa da takun silifa.
Masu shayi suka tsaya da ludayi a hannu.
Turai, matar Mamuda, tana gaba,
makullin babur ɗinsa a ƙulle a bakin mayafinta.

Na zazzage buhun a kan dakali.
Ba sadaka muka zo nema ba, na ce,
ku kira su duka, na shago da na titi,
ku sauya sandar nan kafin ta ƙara cin wani.
Maƙerin da ya rage gawayi ya san kansa.

Suka turo wani mai tabarau, ya ƙirga,
ya zaɓi uku ya sa a jaka, ya ce za a duba.
An shiga damina. Ana dubawa.
Buhuna ya kai hamsin da biyu, gindinsa ya fara yagewa.
Lurwanu na bi har gida na ba shi haƙuri,
ya yi dariya, ya nuna mini tabon.

Yau da hantsi wani yaro ya shigo da sabuwar Barewa,
ledar kujera ma bai cire ba,
wai madubi kawai zan ɗaure masa,
ana jiransa a Filin Samji.
Na kwanta a ƙasa na leƙa waldar.
Na ce bar ta nan, ɗana, ka dawo da la'asar.