Turken Hurde

Daren Asabar na kwance shi daga turke,
ban kunna fitila ba, kada yara su gani.
Shekara goma sha tara yana cin harawata,
yau haƙoransa sun gaza da karan dawa,
ƙafar baya yana janta kamar ta aro ce.

Daga Daura zuwa Mai'aduwa ba nisa ga mai mota,
amma mu biyu, tsoho na jan tsoho,
sai da hantsi ya dubi ludayi muka shiga kara.

Barau dillali ya buɗe masa baki, ya latsa haƙarƙari.
Bai tambayi sunansa ba.
Bai ce yaya sukuwarsa take ba, ko yana tsoron ruwa.
Cinya ya dafa, ya lumshe ido yana lissafi
irin wanda ake wa rago ana gobe layya.
Can gefe tirela ta hangame baki, ta fuskanci kudu,
cikinta dawakai, wuya bisa wuya,
babu mai haniniya ko ɗaya.

Sai rediyon mai shayi ya gyara murya:
wai an kai ƙudiri gaban majalisa,
a hana yanka doki domin tukunya.
Wani malami mai tayin ɗan akuya ya ce,
"Dama mu abin da muka karanta, ba a so."
Barau ya furzar da tuƙar goro:
"Doka a birni take kwana,
kafin ta iso nan ta yi furfura.
Kawo igiya, Sallau. Ka sallama?"

Igiyar ta yi nauyi a hannuna.
Na tuna daren marka da Tasalla ke naƙuda,
rafi ya kawo har wuya, mai babur ya ce sai gobe.
Wannan ƙirjin da ake latsawa shi ya raba ruwan biyu,
ya ɗauko ungozoma tana salati a bayana,
zanenta jiƙe, hannunta riƙe da rigata.
Yarinyar da aka haifa a daren
yanzu ita ke karanta mini takardar asibiti.

To amma ku masu rubuta doka,
alƙalaminku ba ya cin dusa.
Ba ya lasar kanwa, ba ya ciwon ƙofato.
In kun ce kada a yanka, na ji, na kuma gode,
sai ku ƙara layi ɗaya a ƙasa:
wa zai ciyar da tsohon doki
a gidan da tuwon dare ke jiran sa'a?
Ran da ya faɗi, wa zai taya ni haƙa?
Ramin doki ba aikin mutum ɗaya ba ne.
Ba mugunta ta kawo ni kara ba,
rumbu ne ya nuna mini gindinsa.

Hurde ya sa hanci a aljihuna,
inda ya saba samun ɓawon gyaɗa.
Babu komai. Bai janye ba.

"Ka sallama?" in ji Barau, ya ƙara dubu biyar.
Na ce, "Albarka."
Ya yi dariya, ya ce Lahadi ba ta ƙarewa.

Mun iso gida bayan isha'i.
Tasalla ta dube ni, ta dubi igiyar,
ba ta ce sannu ba, ba ta ce don me ba.
Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin kwano,
ta fito da tiyar geron kunun gobe,
ta raba biyu da gefen hannu.

Na ɗaure shi. Turken bai ko huce ba.
Doka na can tana jiran masu ɗaga hannu,
mu muna nan, muna sauraron tsoho yana tauna a hankali.