Iska da Ruwa a Gidanmu na Bagalam

Sahabi ya dawo daga Gwanzu
da akwati biyu na kayan gyaran salula
da wata magana da ba mu aike shi ba.
Ko takalmi bai kwaɓe ba, ya tsaya tsakar gida
yana duban tukwanen shukata kamar ma'aikacin duwan:
"Baba, ka toshe wa gidan nan numfashi."

Na ce, gida hanci gare shi?
Ya ce mutanen Sin na da wani ilimi,
fanshuwai, wai iska da ruwa ke nan,
kowane tsiro da kusurwarsa,
kowace kusurwa da abin da take kira.
Na ce mu nan Maradi iska ta Allah ce,
ruwa kuwa sai ranar da famfo ya ga dama.

Ya fiddo waya, allurar nan da muke neman alƙibla da ita,
ya yi ta juyi kamar wanda ya yar da dala cikin yashi.
Tinya ta koma bayan ɗaki,
wai ƙaya ba ta tarbar baƙo.
Wannan na yarda, ta taɓa yage wa liman riga.
Moda ta tsaya bakin zaure, ganye a miƙe kamar masu,
ita ce mai gadi, ba albashi.
Ƙariya ta yi gabas.
Busasshen ganye duk a tsinke,
wai gawa ba ta kwana cikin masu rai.
Kuma in tsoma yatsa cikin ƙasa kafin in zuba ruwa,
don yawan so ya fi ƙishirwa kashe tsiro.

Sai wata mai ganye kewayayye, mai tsoka kamar kunnen jinjiri,
jaka uku ya biya wurin masu lambu a bakin Gulbi,
ya aje ta kudu maso gabas: nan ce ƙofar dukiya.
Kwana tara ta yi.
Akuyar Tsahara ta bi ta katangar da damina ta kayar,
ta karya kumallo da arzikinmu.
Ban yi dariya ba sai da ya fita.

Saura guda, a gindin randa,
inda nake alwala shekara talatin:
ɗoɗɗoyar Baraka.
Tukunyar ta tsage tun tana da rai,
ta ɗaure ta da ƙyallen zanenta.
Sahabi ya ce tsagaggen mazubi yoyon albarka yake yi,
a sake mata sabo, a kai ta inda ya dace.
Na yi shiru. Uwarsa ce, ba sai na tuna masa ba.

Ya duƙa, ya rungumi tukunyar, ya ɗaga.
Ta ƙi.
Ya gyara tsayuwa, ya sake. Ta ƙi.
Ashe saiwa ta bi ta tsagar, ta huda daɓe,
ta tafi bin ruwan alwalata can ƙasa,
ba ta shawarci kowa ba.
Ƙamshin ya tashi a tafin hannunsa,
irin na ruwan da take dafa masa in zazzaɓi ya kayar da shi.
Ya daɗe a durƙushe.
Allurar na nuna arewa ko yamma, oho,
ya mai da wayar aljihu.
"Wannan a wurinta take," in ji shi.

Yanzu ya koma. Ran Juma'a yakan kira:
"Baba, an ga canji?"
Kuɗi dai ba su zo ba,
takardar kuɗin wuta ce kaɗai ta gane ƙofar.
Amma tun da aka buɗe hanya daga zaure zuwa rumfa,
in bazara ta matsa, can gab da kiran assalatu,
wata ƴar iska takan shigo,
ta gai da moda,
ta ratsa ɗoɗɗoya,
ta iske ni bisa tabarma.

Ban san sunanta da Sinanci ba.
Nakan dai matsa mata wuri.