Tankin Saman Bene

Ina ɗan shekara shida a Shara Mansur
ranar da Inna Tabawa ta ɗauke ni cak,
ta zura ni busasshen tankin saman bene.
Ta ce, "Sabi'u, ko tari kada ka yi
sai na dawo na ƙwanƙwasa sau uku."
Na ji takalma a matakala,
na ji faifan gyaɗarta ya kife,
na ji motar kame ta tashi.
Na haɗiye tarina har assalatu.

Bana shekarata arba'in da ɗaya.
Furfura ta sauka a gemu,
tarin yana nan inda na ajiye shi.

Likita ya ce gyambon ciki ne,
ya ce jini ya hau, a rage gishiri.
Na gyaɗa kai. Ta ina zan faro masa?
Gishirin da ke cina ba a miya yake ba.

Na yi aiki gun wani mai gyaran firji a Jidda,
hannuna na da kyau, shi da kansa ya faɗa.
Ran nan ya tura ni ɗakin sanyi duba waya,
ƙofa ta rufo kanta a bayana.
A bakin titi na tsinci kaina, ba takalmi.
Albashin wata biyu na bar masa.
Haka na bar wankin mota a garejin ƙarƙashin ƙasa.
Yanzu keken tsofaffin alhazai nake turawa
inda sama ke buɗe,
in an samu a ci, in ba a samu ba a kwanta.

Kubura ta ce zama da ni
kamar zama da mai jiran mota ne a tasha.
Ba ta yi ƙarya ba: da rigata nake kwana.

Jiya Rumasa'u ta shige kwalin injin wanki,
ta ce, "Baba, nemo ni!"
Na daka tsawar da ban san ina da ita ba.
Ta fito, baki gam, ido a bushe.
Na gane shirun nan. Nawa ne.

Cikin dare na jawo kwalin gefen katifarta.
Inna dai ta rasu a garin da ban taɓa gani ba.
Na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa:
ɗaya,
biyu.
Na ukun ya gagari hannuna.
Yarinyar ce, cikin magagin barci,
ta miƙo nata ta cika mini.