Jan Ɗigo

A hawa na tara, a Jidda, inda sanyin na'ura ke cizon yatsa,
aka ba ni aikin zana yinin tsoho a fuskar waya.
Fawwaz ya ce a taƙaita, mai jinya ba ta da lokaci:
kallo ɗaya, ta san ya tashi, ya ci, ya sha magani.

Na ce a gwada a gidanmu, can Makka, bayan Shara Mansur,
inda Baba Sallau ke zaune shi kaɗai
tun da Inna ta riga mu gidan gaskiya.
Na liƙa ƙwayar na'ura a jikin famfo,
wata a gindin butar shayi,
wata a murfin akwatin magani,
wata ƙarƙashin katifa, tana ƙirga juyinsa.
Ya bi ni da ido, ya ce, "Juwaira,
mala'iku biyu ba su ishe ni ba, sai kin ƙaro?"

Na koma Jidda da shi a aljihu.
Huɗu da rabi, koren ɗigo: ruwa ya zuba, alwala ce.
Shida saura, buta ta ɗau zafi.
Bakwai, murfi ya buɗe, ya rufe.
Kwana uku na yi ina gardama da kaina
kan girman harafin da zai ce ya yi barci.

Tsakanin la'asar da magariba akwai fili,
layi ya miƙe kamar igiyar shanya ba kaya.
Na'ura ta ce babu motsi.
Ni kuwa na san tagar.
Yana kallon tattabaru a kan tankin maƙwabta,
yana takawa daga Gumel zuwa Sawakin,
ɗan shekara tara, riƙe da gefen zanen uwarsa,
ya tsaya tsinkar auduga a Jazira kaka biyu,
ya hau jirgin ruwa da amai da salati,
duk a cikin sa'ar da na rasa launin da zan ba ta.

Wata guda cur komai kore.
Kuluwa, mai zuwa Litinin da Alhamis, ta ce aiki ya yi sauƙi.
Ni ma ban kira ba.
Me zan tambaya, ga shi duk a tafin hannuna?

Ran Talata buta ta wuni da sanyi.
Jan ɗigo. Gabana ya faɗi.
Bugu ɗaya ya ɗauka: "Lafiya lau. Ya Jidda, ya zafi?"
Muka yi rabin sa'a kan tsadar gero.
Ran Asabar ma haka.
A karo na uku na hau jirgin ƙasa ban faɗa masa ba.

Na tarar da shi kan darduma, kofi na tururi,
ya dafa a 'yar tukunyar Inna, kan gas,
butata kuwa tana gefe, an yafa mata tsumma.
Bai ji kunya ba ko kaɗan.
Ya ce, "Na lura in na ƙyale waccan, kina kira."
Ya zuba min, ya cika sukari kamar kullum.

Ran Lahadi Fawwaz ya ce ƙararrawar ƙarya ce, a gyara.
Na ce to.
Ban taɓa butar ba.
A can ƙasa, bayan barci da magani da alwala,
na ƙara ɗan layi da ƙananan baƙaƙe:
rabon da a ji muryarsa, kwana kaza.
Wannan ɗigon ba daga ɗakinsa yake tasowa ba.
Jiya da dare ya fara ja,
na ajiye cokali, na laluba lambarsa.