Mai Jar Hula

Shekara ashirin da shida ina gadin ɗakin nan,
ɗaki na huɗu, gidan zane-zane na bakin ruwa a Bergen.
Kujerata na fuskantar tsauni,
wanda wani ya ɗora a kan ƙyalle da fenti da haƙuri
tun kakan kakana bai yi gemu ba.

Baƙi ƙirin, ya cinye kashi uku na allon.
Ƙanƙara a kansa, furfurar da ba ta san aski ba.
Ruwa na zubowa daga ƙirjinsa,
fari fat, ba ƙara,
shekara ɗari biyu bai kai ƙasa ba.
Can gindi, dab da itacen da tsawa ta tsaga,
ga mutum mai jar hula,
bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ya ba mu baya.

Masu kallo kan shigo lema na ɗiga,
surutu har ɗaki na uku.
A nan murya ke mutuwa.
Na ga attajiri ya tuɓe hula ba wanda ya sa shi.
Na ga yarinya ta damƙi rigar uwarta, ta ce zai faɗo.
Duk ta fi su gane zanen.

Ni ɗan gindin irin wannan dutse ne.
Na san daren da namu ya yi tari sau ɗaya,
gari ya waye babu gidan Halvard, babu Halvard.
Abin da ake kira kwarjini ke nan:
kyan da zai binne ka bai tambayi sunanka ba.

Bara Torunn ta zo da auduga a bakin tsinke,
wata biyar tana ɗebe dauɗar zamani, taƙi bayan taƙi.
Ran wata Laraba ta ce, Eilif, zo da tabaranka.
Ƙarƙashin duhun da ta ɗauke,
kan wata 'yar baranda ta dutse, sama da mai jar hula,
akuya.
Fara, ƙafa ɗaya a ɗage.
A hannunsa kuma, siririya kamar gashin ido, igiya.

Takardar bango ta ce girman halitta ne ya tsai da shi.
Ashe akuyarsa ce ta ɓata,
dare na tahowa, yara na jiran madara.

Torunn ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.
Ni kuwa tun ranar tsaunin ya ƙara tsawo a idona.
Wanda ya zo kallo, in gabansa ya faɗi,
akwai shayi a masauki.
Mai akuya sai ya hau.

Yanzu in biyar ta buga ina kashe fitilu,
ɗaki na huɗu nake bari ƙarshe.
In tsaya da makullai a hannu,
ni da shi, ƙanana biyu gaban abu guda,
in raɗa masa:
tana hagunka, malam, sama kaɗan.
Yi sauri, hadarin can na gaske ne.